Kankanar da Ta Kusa Raba Ni da Aji

Duk shekara, idan darasi ya kawo mu kan ƙwayar zarra, da ƙafata nake shiga kasuwar Azare in zaɓi kankana. Ba na aike. Mai saye don sha zaƙi yake nema, ni kuwa 'ya'ya nake nema, baƙaƙe, masu yawa, a warwatse ko'ina cikin jan. Akwai wani dattijo da ke kawo ta daga wajen Gadau, ya daɗe yana min kallon wadda ba ta cika saiti ba, don bai taɓa ganin macen da za a yanka mata kankana mai zaƙi ta ce a canza mata, 'ya'yan sun yi kaɗan ba. Daga baya ya saba. Da ya hango ni sai ya ce, "Malama, ga taki nan na ware miki. Duk 'ya'ya ce, ba mai so."

Ku matasan da ake turowa koyon aikin koyarwa, na ga yadda kuke yin wannan darasin. A zaro waya, a nuna wa yara hoton zarra mai launi tana juyawa, su buɗe baki, a kaɗa ƙararrawa, kowa ya kama gabansa. Ɗaya daga cikinku ma ya ce min, "Hajiya, ai wannan ko rabin firiyod ba zai ci ba." Ban yi masa musu ba, shayi na ba shi. Amma tunda na tsufa ina koyar da kimiyya a makarantun 'yan mata, daga Katagum zuwa Azare, bari in faɗa muku abin da ya sa ni nake cinye wata guda cur a kansa, da yadda ya kusa cinye ni.

Ƙwayar zarra, wadda littafi ke kira atam, ita ce ɗan ƙanƙanin abin da aka gina komai da shi, ƙarfe da ruwa da iska da ni da ku. Ba wanda ya taɓa buɗe ta ya leƙa ciki da idonsa. To aikina shi ne in sa yarinya ta yarda da abin da ba ta gani ba, kuma ba don ni na faɗa ba. Rabin farko mai sauƙi ne, yaranmu ko me malami ya ce sun yarda. Rabi na biyun ne sana'ar.

Darasina na farko a kai na yi shi ne a Katagum, ina sabuwar malama, an haɗa ni da wani tsohon malamin kimiyya, Malam Bukar, mutumin Borno ne da ya zauna a garin har Hausarsa ta fi tawa. Na kawo alli mai launi na zana zarra a allo, cibiya a tsakiya, zobba kewaye da ita, zane har zane. Yara suka kwafa tsaf. Ina ta jin kaina. Malam Bukar yana zaune a bencin baya, sai ya ɗaga hannu kamar ɗalibi.

"'Yan mata, wa ya gaya muku haka cikinta yake?"

Suka ce, "Malama."

"Ita wa ya gaya mata?"

"Littafi."

"Shi littafin fa?"

Can wata ta ce, "Turawa."

"Madalla. Da Malama ta zana muku kaza a tsakiya fa?"

Suka ce, "Sai mu zana, Malam."

Ya juyo ya dube ni ya ce, "Kin ji ko? Zanenki ya yi kyau. Kin koya musu kwafa."

A wurinsa na ɗauko hanyar da nake aiki da ita har yau. Masanan da suka gano cikin zarra ba dare ɗaya suka farka da ita ba. Wani ya kawo siffa, duniya ta yarda, wani ya zo da gwaji ya rushe ta ya kawo tasa, wani kuma ya rushe wannan. Malam Bukar ya ce yara su bi hanyar da ƙafarsu. Kowane mako a koyar da siffa ɗaya kamar ita ce gaskiyar ƙarshe, da fuska a ɗaure, ba ƙifta ido. Mako na gaba a kawo gwajin da zai karya ta. Dokar kuwa ɗaya ce: malami ba ya karya siffarsa da bakinsa. Kare ta zai yi ta yi, da hujja da rashin hujja, har sai ɗalibi ya gaji ya ce masa ba haka ba ne.

Sunayen masanan suna cikin littafi, kuma kafin jarrabawa ina sa a haddace su. Amma a aji laƙabi nake ba su, don sunan da ke karya harshe ba ya zama a ka. Akwai Mai Dawo, da Mai Kankana, da Mai Harbi, da Mai Matakala, sai 'Yan Fanka a ƙarshe.

Makon Mai Dawo shi ne mafi daɗi, don ba wahala. Ina tsayawa wajen Fulani masu fura in karɓi dawo, manya da ƙanana. In ɗaga ɗaya in ce ga zarra nan, dunƙule ne, ba ƙofa ba taga, ba a fasa ta. In ba su labarin mutumin da ya yi ta auna yadda abubuwa ke haɗuwa, ya lura kullum da ma'auni ɗaya suke haɗuwa, ba ƙari ba ragi, sai ya ce lalle kowane abu da irin ƙwayoyinsa, kowace da nauyinta, kuma ɗai-ɗai suke kama juna. Sai mu haɗa babban dawo da ƙanana biyu da tsinken tsintsiya, mu ce ga ruwa. Ku yi hankali da abu ɗaya: dawo ba ya kai ƙarshen firiyod idan aka bar shi a bencin baya. Na sha juyowa daga allo in tarar ruwan ya rasa ƙwaya ɗaya, kuma duk ajin ba mai motsa baki.

Mai karya dawo shi ne labarin kwalbar gilas. Wani masani, Mai Kankana ke nan, ya zuƙe iskar cikin kwalba, ya sa mata wutar lantarki, sai wani haske ya miƙe daga wannan kai zuwa wancan. Ya kawo maganaɗisu, hasken ya lanƙwasa. Ya yi ta aunawa har ya gano wasu 'yan mitsi-mitsin abubuwa ne ke gudu, sun fi zarra mafi sauƙi rashin nauyi nesa ba kusa ba, kuma ko wane ƙarfe ya sa a kwalbar, su ɗin dai ne ke fitowa. Su ne ilektron. Ni sai in riƙe dawona in ce ban ga abin da ya shafe shi ba, har sai wata ta yi gunaguni daga baya cewa abin da 'ya'ya ke fita daga cikinsa ai ba dunƙule ba ne. Daga nan kankana ta shigo. In yanka ta biyu in ɗaga. Jan shi ne cajin lantarki mai fozitif, kishiyar negetif, shimfiɗe ko'ina, mai taushi. Baƙaƙen 'ya'yan su ne ilektron masu negetif, a daddasa ciki. Yara suna son wannan siffar fiye da kowace, musamman da yake a ƙarshen darasi ana shanye hujjar.

Kayan makon Mai Harbi ne suka fi ba ni wahalar haɗawa. Shi mutumin nan, da yaransa na ɗakin gwaji, sun samo fallen zinare siriri, ya fi fatar albasa rashin kauri, suka yi ta harba masa wasu ƙwayoyi masu nauyi da gudu. Idan zarra kankana ce, abu mai taushi, to duk harsashin ya kamata ya ratsa ya wuce. Kusan duka sun wuce ɗin. Amma jefi-jefi sai ɗaya ya kauce, can ba a rasa ba kuma sai ɗaya ya dawo baya. Ni ba ni da zinare, wanda ke kunnena ma na ruwa ne. Sai na sa kafinta ya yanko min katako mai faɗi, ya yi masa gajerun ƙafafu, ya kafa wani ƙaton noti na mota a tsakiyarsa ta ƙasa. Na kewaye gefen da tsumma yadda ba mai iya leƙawa. Harsashina kuwa 'ya'yan boris ne, ƙananan ƙwallayen ƙarfen nan, waɗanda nake roƙa wajen kanikawan tasha, in wanke musu giris da kananzir. A share siminti fes, yara su zauna gefe biyu, su riƙa gangara boris ta ƙarƙashin katakon. Bayan darasi ku tsaya a bakin ƙofa ku ce kowa ta buɗe hannu, don ba abin da ya kai boris daɗin wasan carafke.

Sauran makonnin ba sai na ja ku da nisa ba. Siffar Mai Harbi, ta cibiya da ilektron masu zagaye ta, ita ma tana da nata ciwon, don bisa lissafi ya kamata su gaji su faɗa ciki. Sai in kunna risho, tunda gas ɗinmu sai an yi baƙi ake ganinsa, in barbaɗa gishiri wuta ta yi ruwan ɗorawa, in sa wayar jan ƙarfe ta yi kore. Mai Matakala ya ce ilektron hawa-hawa yake zama, ba ya tsayawa tsakanin matakala biyu, kuma idan ya diro daga sama ne yake fitar da haske, kowane abu da launinsa. A ƙarshe 'Yan Fanka su zo su ce ko wannan ma an cika tsara shi, ba ka iya nuna inda ilektron yake, sai dai inda ya fi yiwuwa a same shi, kamar fiffiken fanka idan tana gudu. Wannan darasin ya danganta da ko an kawo wuta.

Duk wannan kaya ne kawai. Abin da ke da wuya shi ne bakin yaran. An tashe su a gidajen da ba a kallon idon babba, balle a ce masa ya yi kuskure, kuma ni ma haka na tashi 'ya'yana. Sai ga shi ina so su bar tarbiyyar nan a bakin ƙofar ɗakin gwaji, su ɗauke ta idan sun fito. Dabarata ita ce in ishe su. In kawo uzuri na banza, in ƙara wanda ya fi shi banza, har dariya ta kuɓuce wa wata, daga dariya sai gunaguni, daga gunaguni sai magana. Wani ajin ya fashe da wuri, wani sai an kwana biyu ana abu ɗaya.

Shekarar da ta fi kowace muni a aikina ita ce shekarar dogon yajin aiki, ina Azare. Na yi darasin kankana lafiya lau, aka sha, aka watse, kafin mako ya zagayo aka rufe makarantu. Yarana suka tafi gida da kankana a ka. Wata da watanni ba katako, ba boris. Abin da na shirya ya kwana bakwai a kansu sai ya samu wuri ya yi saiwa.

Monitar ajin sunanta Falmata, yarinya ce mai kai, mai kunya kuma har ta yi yawa. Mahaifinta yana da kemis a cikin gari, mutum ne da ya yi karatu. Wata rana ya tarar ta tara ƙannenta a tsakar gida tana koya musu cewa komai na duniya ƙananan kankana ne. Ya ce mata an daɗe da barin wannan maganar. Ba ta yi masa musu ba, ta dai sunkuyar da kai ta ce, "Baba, Malama ce ta faɗa." Ya kawo littafi ya nuna mata. Ta duba ta ce, "To Baba. Amma Malama ta ce kankana ce." Mutumin nan bai ji haushin 'yarsa ba, ni ya ji haushi. Ana janye yajin aiki ya kai ƙorafi ofishin ilimi na shiyya.

Wanda aka turo shi ne Alhaji Lawan, mai duba makarantu, tsohon malamin kemistri, mutum mai gashin baki da ƙarancin magana. Muka zauna a ofishin shugabar makaranta, ita Hajiya shugabar tana ta gyara abin da ba ya buƙatar gyara a kan tebur. Na yi masa bayanin hanyata daga dawo har fanka. Ya saurara bai katse ni ba.

"Malama, na fahimta," in ji shi. "Amma ga abin da na gani. Kin shuka kuskure da gangan, kin tafi kin bar shi. Yarinya ta fi yarda da ke a kan mahaifinta da littafi. Kina cewa hanyarki tana koya musu tambaya, ni kuwa abin da ya zo gabana ya nuna akasin haka."

Gaskiyarsa ce, kuma ta yi min zafi. Na ce, "Yallaɓai, ba a gama ba ne. Su da kansu za su karya ta."

"'Yan matan nan namu? Su ce wa malamarsu ta yi kuskure?"

"Suna faɗa, Yallaɓai."

"To gobe zan zauna a ajin. Idan yarinya ta dube ki ta ce miki ba haka ba ne, ta kawo dalili, ba ke kika sa mata maganar a baki ba, na bar zancen. In ba haka ba, zan ba da shawarar a ɗauke ki daga aji a kawo ki ofis."

Ku ba ku san ofishin nan ba. Akwai wani ɗaki a can inda ake ajiye malaman da aka rasa yadda za a yi da su, tebur da kujera da fanka, mutum ya yi ta zama har ritaya ta zo ta same shi. Ni da alli ya zame min kamar yatsa na shida, na san ba zan yi rai a wurin ba.

Yana fita Hajiya ta jawo hannuna. "Ki kira monitar nan yanzu ki gaya mata abin da za ta ce."

Na ce, "Hajiya, yarinyar da aka gaya wa magana, kamar karatun hadda take fitar da ita. Mutumin nan ya yi aji, zai ji."

"To ai sai ki zauna taurin kai ya kai ki ofis."

Washegari aka share siminti, aka ajiye katako a tsakiya, yara suka zauna gefe biyu a ƙasa. Alhaji Lawan ya sa aka ajiye masa kujera a gefe, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya. Tun daga yadda suka ja hijabansu suka rufe har yatsun ƙafa na san yau akwai aiki. Ajin da ba baƙo ma sai na yi da gaske, balle ga babban mutum daga ofis.

Na ce, "Ƙarƙashin katakon nan na sa muku zarra, irin wadda muka sani, mai taushi ko'ina kamar cikin kankana. Idan muka harba mata ƙarfe me zai faru?"

Suka ce a tare, can ƙasa-ƙasa, "Zai wuce, Malama."

Aka fara gangarawa. Na farko ya wuce, na biyu ya wuce, aka yi ta wucewa, ina ta cika baki ina cewa kun gani ko, Mai Kankana ba ya ƙarya. Sai wani ya fita a karkace ya nufi ƙafar kujerar Alhaji. Na ce simintin ne bai daidaita ba. Ba wadda ta ɗago. Can Falmata ta gangara nata, muka ji ƙas, sai ga boris ya dawo ya tsaya a gwiwarta.

Na ce, "Iska ce."

Tagogi a rufe, ba wuta, fanka a tsaye. A shekarar lafiya nan ne ake fashewa da dariya. Ranar ko tari ba wadda ta yi. Aka ci gaba. Wani ya sake dawowa, na ce hannun mai harbin ne ya karkace. Wani ya dawo, na ce boris ɗin ne ya ga dama, ƙila ya yi mantuwa a gida. Na ga kafaɗar wata tana rawa, amma ta danne. Uzurina ya fara ƙarewa. Hajiya tana leƙe ta ƙofa tana min alama da ido. Alhaji Lawan ya dubi agogonsa, ya rufe bironsa ya sa a aljihu. Tsoro ya kama ni sosai. Kalma biyu kawai zan faɗa in buɗe musu hanya, kuma kalma biyun nan su ne za su kai ni ofis.

Sai Falmata ta miƙe. Ba wajena ta nufo ba. Ta zagaye katakon ta bayan ƙawayenta, ta je gaban kujerar Alhaji Lawan ta durƙusa.

"Yallaɓai, don Allah wata alfarma muke nema."

"Ina jin ki."

"Kai babba ne, kai za ka iya. Ka taimaka ka gaya wa Malama, abin da ke ƙarƙashin katakon nan ba kankana ba ne."

"Ke me ya hana ki gaya mata? Ga ta nan tsaye."

"Ai malamarmu ce, Yallaɓai."

Ya daɗe yana kallon ta, sannan ya dube ni. Na ga gashin bakinsa ya motsa. Ya gyara zama, ya yi gyaran murya kamar wakilin ango.

"Malama, an aiko ni. 'Ya'yanki sun ce a gaya miki ba kankana ba ce."

Wannan ba shi ne sharaɗin ba, ni da shi duk mun sani. Na ce, "Yallaɓai, ka koma ka ce musu na ji, amma ni da hujja nake aiki."

Ya juya wajen Falmata. Ta ce, kanta a ƙasa, "Ka ce mata abu mai taushi ba ya mayar da ƙarfe baya. Kuma mun ji ƙara. Akwai abu mai tauri a ciki."

Ya kawo min saƙon yadda aka ba shi. Na tafa hannu na ce, "Alhamdu lillahi. Ka ce musu ashe Mai Dawo ne mai gaskiya tun farko. Dunƙule ce mai tauri gaba ɗaya, mu koma inda muka baro."

Falmata ta girgiza kai. "Yallaɓai, ka ce mata da duka ce mai tauri, da ko ɗaya bai wuce ba. Ai kusan duk sun wuce."

A nan ne na gane mutumin nan bai manta aji ba. Ya juyo gare ni da fuska a ɗaure ya ce, "Malama, sun ce sun yarda. Dawo ne."

Ajin ya yi wani irin motsi. Falmata ta ɗago kai da sauri. "Yallaɓai, ba haka na ce ba."

"Au, to maimaita min, kunnen ya tsufa."

Ta maimaita masa a hankali, har da nuni da hannu. Ya gyaɗa kai kamar ya gane sarai, ya juyo ya ce, "Malama, yanzu kuma sun ce rabi dawo ne, rabi kankana."

Na ce, "To ai shi ke nan, an yi sulhu. Ku ɗauko biro ku rubuta."

Na juya na ɗauki alli. Ban kai ga allo ba na ji muryarta a bayana, ba ƙasa-ƙasa ba, irin muryar da take kiran ƙannenta da ita.

"Malama, ba haka ba ne."

Na juyo. Tana tsaye, idonta cikin nawa.

"Ba dawo ba ne, ba kankana ba ce, ba rabi-rabi ba ne. Yawancin wurin fili ne, ba komai, shi ya sa suke wucewa. Abu mai taurin ƙarami ne, kuma a tsakiya yake, don duk wadda ta harba ta gefe nata ya wuce, sai mu da ke saitin tsakiya namu ke dawowa. Kuma yana da nauyi, tunda bai gusa ba. Kuma ba iska, Malama. Tagogin a rufe suke."

Tana gama faɗa ta ji abin da ta faɗa. Ta ja hijabi ta toshe baki, ta sulale ta zauna.

Na sa yara biyu suka kifa katakon. Ga noti nan guda ɗaya tilo a tsakiya, sauran duk fili. Na ce musu wannan ita ce cibiyar zarra, kuma abin da Falmata ta faɗa yanzu shi ne abin da Mai Harbi ya faɗa wa duniya. Sai ajin ya ɓarke, kowa na magana, wata na cewa ita tun ɗazu ta gane, wata na tambaya to 'ya'yan kankanar ina suka tafi. Na ce suna zagaye cibiyar ne a filin nan, kuma wannan ita ce gaskiyar ƙarshe, ba wata bayanta. Wata daga baya ta ce, "Hmm."

Alhaji Lawan ya miƙe ya kakkaɓe rigarsa. A bakin ƙofa ya tsaya ya ce min, yadda yara ba za su ji ba, "Idan za a sake yajin aiki, ki tabbata ba a makon kankana ba ne." Ya yi gaba, ya sake juyowa. "Mako mai zuwa wace ƙaryar za ki kare?"

Na ce, "Ta masu zagaye, Yallaɓai."

Ya ce, "Allah ya ba su sa'a a kanki." Maganar ofis ba ta sake tashi ba.

Bayan an tashi ina tsince boris a ƙarƙashin benci, sai na ji mutum a bayana. Falmata ce, durƙushe, hawaye shaɓe-shaɓe. Ba ta san komai game da sharaɗin ba, ba ta san abin da ta yi min ba. Abin da ta sani shi ne ta ƙaryata malamarta a gaban baƙo.

"Malama, don Allah ki yafe min. Wallahi ban san lokacin da ya fito ba."

Na zauna a ƙasa kusa da ita. Na ce, "Kin san Mai Harbi a wajen wa ya yi karatu? A wajen Mai Kankana. Ɗalibinsa ne, a ɗakin gwajinsa ya koyi aiki."

Ta share ido ta dube ni. "Kuma ya karya masa kankana?"

"Ya karya."

"Ya je ya ba shi haƙuri?"

"Littafi bai faɗa ba."

Ta juya maganar a ranta, sannan ta ce, "Ni dai ki yafe min, Malama."

Na ce, "Ban yafe ba. Sai kin sake ƙaryata ni."